Zuwa ga Babangida, kan kwas ɗin sati shida

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna nan lafiya. Ƙafar Hajiyarku ta yi sauƙi, har ta soma fita unguwa.

Abin da ya fara ɓata min rai shi ne ba daga bakinka na ji ba. A wajen ɗaurin auren 'yar Kawu Sale aka miƙo min waya, ga hotonka da kwat, wai za ka ajiye koyarwa a jami'a ka buɗe kwas na sati shida. Duk wanda ya biya zai fito ƙwararre a fasahar kwantum, wato fasahar da aka gina kan kimiyyar ƙwayoyin zarra da abin da ya fi su ƙanƙanta, aiki na jiransa a Turai. Ana ta yi min barka, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ban ce harkar ƙarya ce ba. Ritaya na yi, ban daina karatu ba. Na san Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum, Ghana ce ma ta gabatar da ƙudurin. Amurka ta yi dokarta tun 2018, Tarayyar Turai ta ware Yuro biliyan ɗaya na shekara goma. Ana neman ma'aikata, gaskiya ne. To amma waɗanne iri? Kwamfutocin kwantum na kamfanonin IBM da Google sai an sanyaya su kusan digiri 273 ƙasa da sifili kafin kubit, wato ƙwayar da ke riƙe bayani a cikinsu, ya natsu ya yi aiki. Ana neman mai kula da na'urar sanyin nan, da mai saita hasken leza, da mai haɗa kayan lantarki da hannu mai tsabta, sannan mai lissafi. Gaya min wanne ake ƙerawa a sati shida.

Masanin fiziks Heisenberg ya aza harsashin ilimin nan a 1925, Schrödinger ya biyo a 1926, Einstein kuwa har ya mutu a 1955 zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Kai kanka ka manta wayar da kake bugo min daga Italiya cikin sanyi, kana cewa lissafin ya fi ƙarfinka, za ka dawo gida?

Ga abin da ke hana ni barci. Wani bawan Allah zai sayar da buhunan masararsa ya biya wa ɗansa. Yaron zai karɓi takarda mai sa hannunka, da sunan mahaifina a jiki. Ran da aka zaunar da shi a intabiyu aka ce ya ninka matriks biyu, wato lambobin da ake jerawa layi-layi a tebur, ya kasa, ba kwantum zai yi wa Allah ya isa ba, kai zai yi wa. Balle ma abin da za ka nuna musu, IBM ta buɗe shi a intanet kyauta tun 2016. Kyautar wani za ka sayar wa talaka? Haba, Babangida! Ka san abin da ya raba ni da Alhaji Ƙarami, ka kuma san a kan takarda guda ce. Na koyar da fiziks a ɗakin gwajin da ba wuta ba ruwa, albashi na makara, kuna cin tuwo da miyar kuka ba nama, amma ban taɓa sa hannu a kan abin da yaro bai sani ba. Kun ce na cika tsanani. Da tsananin aka yi ka.

Na san albashinka ba ya kai wata, na san haya da kuɗin makarantar yara. Ban hana ka nema ba. In dai gina mutane kake so, ka riƙe ajinka. Lokacin hutu ka tara malaman sakandare, domin ta hannunsu yaran ke biyowa. Ka ba su aljabarar matriks da lissafin yiwuwa har su zauna musu, ka nuna musu gwajin gilasan tace haske guda uku, wanda ko a ƙauye za a iya yi. Masu hazaƙa ka rubuta musu takardar shaida zuwa AIMS, cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, a Ghana ko Kigali, ko cibiyar fiziks da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya. Kwas ɗinka kuma ka kira shi share fage, ka cire alkawarin aikin nan yau ɗin nan.

In kuɗi ne ya matse ka, hayar shagon bakin kasuwa ta bana taka ce, mun riga mun yi magana da Hajiyarku. Ka kira ni bayan Isha'i. Ka gaida Maryam, ka shafa min kan yaran. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka