A yi hattara da gasar riƙe numfashi da sunan yoga

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa, dan Allah ka ɗan bani fili in yi magana kan yoga ɗin nan, wato atisayen jiki da numfashi da natsuwa, da ake ta koya a bidiyon waya. Abin da ke damuna shine kowa so yake ya fara daga sama, yau ya kalli bidiyo gobe ya naɗe ƙafa ya danna agogo wai sai ya riƙe numfashi minti biyu, alhali su kansu mutanen Indiya masu abin ba haka suka tsara shi ba.

Patanjali, tsohon malamin Indiya da ya rubuta littafin Yoga Sutra, matakan yoga 8 ya kawo, zama ne na uku, numfashi na huɗu, tsayar da hankali wuri guda sai a na shida. Kuma sharaɗin zaman biyu ne kacal, jiki ya tsaya cak kuma mutum ya ji daɗinsa. To ina daɗi ga wanda ya cije leɓe yana jan ƙafarsa da hannu biyu dan ya ɗora ta kan cinya? Wannan zaman da suke kira padmasana, daga ƙugu juyin yake fitowa, in ƙugun ya ƙi to gwiwa ce za ta biya kuɗin, kuma ciwon gwiwa ba ya saurin tafiya. Ka sa matashi a ƙarƙashinka ka harɗe ƙafa kawai, ko ma ka hau kujera bayanka a miƙe, ya wadatar.

Riƙe numfashin kuwa, kumbhaka kenan, nan ne haɗarin yake. Akwai lissafin 1:4:2 da ake yawan faɗa, wato ka shaƙa sakan 4 ka riƙe 16 ka fitar a 8, amma fa wannan na waɗanda suka daɗe a ciki ne ba na ɗan koyo ba. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 cewa ya yi a bi numfashi a sannu kamar mai horar da zaki ko giwa, in aka yi gaggawa shi zai halaka mai yin. Kuma ga abin da da yawa basu sani ba, wannan matsuwar da kake ji ta sai ka shaƙa, ba ƙarewar oksijin ke kawo ta ba, taruwar iskar kabon ce a jini. Shi yasa masu haki da sauri-sauri kafin su riƙe suke daɗewa, sun kashe ƙararrawar ne kawai oksijin kuma yana ta sauka, sai dai ka ga mutum ya sulale ya suma. In a cikin ruwa ne kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mace mai ciki, kar su taɓa sai sun ga likita.

Batun inda ake ajiye hankali ba shi da wahala, kan hanci, tsakanin gira, ƙirji ko cibiya, wasu harshen kyandir suke kallo. Sai dai ba a ce ka murguɗe ido har kai ya ɗau ciwo ba, hankali ake kaiwa wurin, idon ya huta abinsa.

Tunda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga tun 2014, ina roƙon kafin ta zagayo ku samo likita da ƙwararren mai koyarwa ku haɗa su a shafi ɗaya mu ji ta bakinsu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai bibiyar jaridarku