Gwajin maganaɗisu yana da iyaka, a koya wa jama'a inda ya tsaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon fili a shafin wasiƙu na wannan jarida domin in ja hankalin malaman makaranta da iyaye da 'yan kasuwa zuwa ga wani darasi na kimiyya wanda muka saba koyar da rabinsa mu bar rabi. Duk wanda ya zauna a ajin firamare ya ji cewa maganaɗisu yana jan ƙarfe amma ba ya jan itace ko roba, daga nan kuma sai a rufe littafi. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta cika ba, kuma a kan wannan guntun sani ne mutane da yawa suke yanke hukunci game da gwal ɗin da za su saya, da allurar da za a yi wa 'ya'yansu, da alƙiblar da za su fuskanta a baƙon wuri.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne, ƙarafan da maganaɗisu yake kamawa kaɗan ne ƙwarai. Cikin waɗanda muke mu'amala da su akwai baƙin ƙarfe, da nikel, da kobalt, sai kuma wasu gaurayen da aka yi da su. Zinariya da azurfa da jan ƙarfe da alminiyam da dalma duk ƙarafa ne, amma ko ɗaya daga cikinsu ba ya maƙalewa. 'Yan gwangwan sun riga ɗalibanmu fahimtar wannan, domin da maganaɗisun tsohuwar lasifika suke ware baƙin ƙarfe mai araha daga jan ƙarfe da alminiyam masu tsada. Abu na biyu, wanda ba a cika faɗa a aji ba, shi ne abin da masanin kimiyya Michael Faraday ya nuna a Ingila a shekarar 1845, wato babu wani abu da maganaɗisu ba ya yi wa tasiri, bambancin kawai a yanayin amsawa ne da kuma ƙarfinta. Akwai masu karɓar ja da ƙarfi, su ne baƙin ƙarfe da 'yan uwansa. Akwai masu karɓa da rauni sosai har hannu ba ya iya ji, kamar alminiyam da iskar oksijin idan an sanyaya ta ta zama ruwa. Akwai kuma waɗanda maganaɗisu yake turewa a maimakon ya ja su, kuma a nan ne ruwa da jan ƙarfe da zinariya da azurfa suke. Turewar ba ta da ƙarfi, amma ta gaske ce: a 1997 Andre Geim da abokan aikinsa a birnin Naimegan na ƙasar Holan sun sa kwaɗo mai rai cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 16 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), ya tashi ya tsaya a iska ba tare da komai ya riƙe shi ba, saboda mafi yawan jikinsa ruwa ne.

Dalilin da ya sa baƙin ƙarfe ya fita daban yana cikin ƙwayoyin zarrarsa. Kowace ƙwaya tamkar ƙaramin maganaɗisu ce, kuma maƙwabtan ƙwayoyi suna haɗuwa gungu-gungu su fuskanci wuri ɗaya, kamar yadda Bafaranshe Pierre Weiss ya yi bayani a 1907. A cikin ƙusar da ba a taɓa kusantar da ita ga maganaɗisu ba, kowane gungu yana kallon nasa ɓangaren, sai ƙarfin wannan ya kashe na wancan. Da zarar an kawo maganaɗisu kusa, sai su juya su bi layi ɗaya, kamar jama'ar da ke zaune a warwatse a filin Idi, da an ce a daidaita sahu sai kowa ya miƙe ya fuskanci gabas. Wanda ya riƙe wannan bayani zai gane abin da ya sa allurar ɗinki take ɗaukar wasu allurai bayan an goga ta a jikin maganaɗisu, zai kuma gane abin da ya sa duka da guduma ko zafin wuta yake raba ta da wannan ƙarfi.

Batun zafi ya cancanci a tsaya a kansa. Pierre Curie ya nuna a 1895 cewa kowane irin wannan ƙarfe yana da iyakar zafin da idan ya haura ta, sahun ƙwayoyinsa ya watse, maganaɗisu kuma ya daina kama shi. Ga baƙin ƙarfe iyakar ita ce digiri 770 a ma'aunin Selshiyas, ga nikel kuwa wajen digiri 358. Maƙeran wuƙa a ƙasashe da dama suna amfani da wannan a aikinsu na kullum: idan ƙarfe ya yi ja a wuta har maganaɗisu ya sake shi, sun san ya kusa kai zafin da za a tsoma shi a mai ko a ruwa ya yi tauri. Maƙeranmu suna auna wannan da ido ta launin ƙarfen, kuma ba na raina gwanintarsu, amma ɗan koyo da idonsa bai goge ba zai amfana da ma'aunin da bai fi kuɗin buredi ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ƙananan maganaɗisun nan masu sheƙi da tsananin ƙarfi, na niyodimiyam, waɗanda aka ƙirƙira a Japan da Amurka a farkon shekarun 1980 kuma suke cikin wayoyinmu da abin sauraro na kunne, mafi yawansu suna fara rasa ƙarfi tun daga wajen digiri 80, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa don an bar su sun huce.

Haka nan ba duk ƙarfen da ke karɓar maganaɗisu ne yake riƙe shi ba. Wani yana karɓa nan take ya kuma saki nan take, wani kuwa yana da wuyar karɓa amma idan ya karɓa ya riƙe. Na biyun shi ake yin maganaɗisu na dindindin da shi. Na farkon shi ne zuciyar kowace taransifoma da kowace fanka da injin ban ruwa, domin wutar lantarkin da muke sha tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, dole kuma ƙarfen da ke tsakiyar naɗin waya ya riƙa juya fuska tare da ita ba tare da gardama ba, in ba haka ba wutar ta ƙare a zafi. Shi ya sa ake yin wannan zuciya da ƙarfe mai ɗan sinadarin silikon, kuma ba a yin ta dunƙule guda, sai falle-falle siraran gaske, kowane falle da shafin da ya raba shi da na kusa da shi, domin a tare wutar da ke kewayawa cikin jikin ƙarfen. Ina kira ga masu sake naɗin injuna da su lura da wannan, domin al'adar jefa injin cikin wutar itace ko ta taya don a ƙone tsohuwar waya tana cinye wannan shafin. Injin zai tashi bayan gyara, amma zai riƙa zafi fiye da da, ya ci wuta da yawa, ya sake ƙonewa ba da jimawa ba, mai shi kuma ya ɗora laifin a kan sabuwar wayar.

Inda abin ya fi damuna shi ne kasuwar gwal. Mata da yawa, har da masu haɗa kayan lefe, sun ɗauka cewa idan sarƙa ba ta maƙale a maganaɗisu ba to zinariya ce. Gwajin yana iya tona asirin baƙin ƙarfen da aka shafa wa ruwan gwal, iyakarsa ke nan. Tagullar da aka shafa wa ruwan gwal ba za ta maƙale ba, dalma ma haka, kuma akwai ƙarfen tangistin wanda nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinariya, shi ma ba ya maƙalewa, shi ya sa mazambata a ƙasashen waje suke cusa shi cikin sandunan gwal. Akasin haka ma yana faruwa: sarƙar zinariya ta gaske tana iya motsawa ta wajen maɗaurinta, saboda ɗan sifirin ɗin da ke ciki na baƙin ƙarfe ne, sai a zargi mai gaskiya da ha'inci. Mai son tabbaci sai ya haɗa da gwajin dutse da ruwan asid, da auna nauyi a iska da cikin ruwa, ko na'urar da manyan dillalai suke haska gwal da ita. Irin wannan kuskure ake yi da tukwane da cokulan ƙarfen da ba ya tsatsa, inda ake cewa wanda ya maƙale jabu ne. Alhali iri-iri ne: mai nikel da yawa ba ya maƙalewa, ko da yake nikel ɗin shi kaɗai yana maƙalewa, wanda ba shi da nikel yana maƙalewa, kuma na biyun ne ma yake aiki a kan murhun lantarkin zamani mai dafa abinci da maganaɗisu, wanda tukunyar alminiyam ba ta ko ɗumi a kansa.

Masu haƙar ma'adinai sun daɗe da cin moriyar waɗannan bambance-bambance. A rumfunan tace kuza na Jos, ana bi da yashin da aka wanke ta ƙarƙashin maganaɗisun da ake iya ƙara wa ƙarfi ko a rage, sai ya fara kwashe masu saurin amsawa, a ƙara ƙarfi ya ɗauke ma'adinin kolumbait mai raunin amsawa, a bar kuza wadda ba ta amsawa. Tamar Itakpe ta jihar Kogi ma iri biyu ce a gauraye, baƙa mai karɓar ja da ƙarfi da ja-ja mai rauni, kuma dole mai tace ta ya san wannan.

Sai batun jikin ɗan Adam. A 2021 hotunan bidiyo sun yi ta yawo a wayoyi ana nuna cokali ko maganaɗisu ya maƙale a dantsen wanda aka yi wa rigakafin korona, kuma na tabbata akwai waɗanda suka ƙi allurar saboda haka. Ruwan allurar bai wuce rabin mililita ba, kuma ko da a ce duka garin baƙin ƙarfe ne, bai isa ya riƙe cokali ta cikin fata da tsoka ba. Gumi da maiƙon fata ne suke riƙe abu mai sulɓi, shi ya sa idan aka shafa hoda a wurin sai ya zame ya faɗi. Masu tallan awarwaro da zoben maganaɗisu kuma suna cewa yana jan ƙarfen da ke cikin jini ya gyara gudunsa. Gaskiya ne jikin babban mutum yana ɗauke da wajen giram 4 na sinadarin ƙarfe, amma a warwatse yake ƙwaya-ƙwaya, mafi yawansa ɗaure cikin sinadarin da ke ba jini launinsa, ba shi da gungun da zai yi sahu. Linus Pauling da Charles Coryell sun auna wannan tun 1936, suka gano cewa jinin da ya ɗauki oksijin ma turewa maganaɗisu yake yi masa. Da a ce awarwaro yana iya jan jini, da babu wanda zai fito da rai daga na'urar MRI ta asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki, wadda ƙarfinta yake kai tesla 1.5 ko 3, wato ya ninka na maganaɗisun duniya sau dubbai masu yawa.

Haɗarin gaske a wani wurin yake, kuma shi ne ba a yayatawa. Maganaɗisun MRI a kunne yake dare da rana ko da ba a ɗaukar hoton kowa, kuma yana fizgar duk wani baƙin ƙarfe da aka shiga da shi ɗakin. A 2001 a jihar New York ta Amurka, wani yaro mai shekara 6 ya rasu bayan na'urar ta fizgo tukunyar oksijin ta buge shi a ka. Mai walda ko maƙerin da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, da wanda ke da ragowar harsashi a jiki, da mai na'urar daidaita bugun zuciya, wajibi ne su faɗa wa ma'aikata kafin a shigar da su. Iyaye kuma su sani cewa idan yaro ya haɗiye ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi guda biyu ko fiye, suna iya kama juna ta bangon hanji su huda shi, don haka asibiti za a nufa nan take ko da yaron yana wasansa.

Ko manhajar nuna alƙibla da ke cikin waya wannan ilimi take buƙata. Tana dogara ne da maganaɗisun duniya, wanda William Gilbert ya yi bayaninsa tun 1600, kuma rauninsa ya kai ga cewa ƙaramin maganaɗisun da ake mannawa a ƙofar firij ya ninka shi kusan sau 100. Saboda haka rodin da ke cikin dabe, ko lasifika, ko jikin mota, ko rigar waya mai maganaɗisu a murfinta, duk suna iya karkatar da kibiyar. Matafiyi ya cire rigar wayar, ya nisanci ƙarafa, ya gwada a wuri biyu ko uku, ya kuma duba da mafitar rana ko masallacin da ke kusa.

Roƙona ga hukumomin ilimi na jihohinmu da shugabannin makarantu shi ne a daina koyar da wannan darasi a kan allo kaɗai, domin kayan gwajinsa suna cikin kowace kasuwa. Malami yana buƙatar maganaɗisun tsohuwar lasifika, da ƙusa, da guntun wayar jan ƙarfe, da gwangwanin alminiyam, da cokula iri biyu, ya bar yara su yi hasashe kafin su gwada. Idan ya sami bututun jan ƙarfe da ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi, ya saki maganaɗisun ta cikin bututun, yara za su ga yana sauka a hankali alhali bai maƙale a ko'ina ba, kuma daga wannan tambaya guda za a iya shiga bayanin yadda janareta take ba da wuta. Ranka ya daɗe, ina kuma roƙon jaridarka ta ware ko da rabin shafi ne a wata domin irin wannan bayani da Hausa, ta gayyaci malaman fiziks na jami'o'inmu da ma'aikatan ɗakin hoto na asibitoci da dillalan gwal su amsa tambayoyin masu karatu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin kimiyya a makarantar sakandare,
Zariya.