Baƙon Sarkin Musulmi Bello

Gilasgo, 14 ga Afrilu

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Yaya zafin Sakkwato? Mu nan sanyi bai gama sakin mu ba.

Jiya na hau jirgin ƙasa zuwa Annan, wani ɗan gari a kudancin Sikotland, dab da iyakar Ingila. Gidajen jan dutse, ga kogi, ga yayyafi mai shiga ƙashi. Abin da ya kai ni, jiya ce 13 ga Afrilu, ranar da Hugh Clapperton, Baturen nan mai yawon bincike, ya rasu a garinku a 1827. A Annan aka haife shi a 1788. Ka tuna yadda muka haddace sunansa a makaranta don cin jarrabawa kawai? Sai da na taka garinsu na ji shi mutum ne mai uwa da uba.

Zuwansa na farko ta Sahara ya bi, ya ratsa Borno. Abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, ya cika a kusa da Katagum a farkon 1824. Ya shiga Kano, ya ƙiyasta mutanenta dubu 30 zuwa 40, sannan ya isa Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi hannu bibbiyu, suka yi ta zantawa kan addini da ciniki da inda kogin Kwara ya nufa. Abdullahi ma ake kiran Clapperton. Wannan ne ya tsaya min a rai, Sani: nan ana cewa ya "gano" mu, alhali malami ya tarar a kan gadon mulki, wanda ya tsare shi da tambayoyi.

Da Clapperton ya komo karo na biyu ta Badagiri, ya haye Kwara a Busa, inda ɗan ƙasarsu Mungo Park ya halaka. Ya kawo wa Bello littattafan Larabci, har da na lissafi. Amma ya zo a mugun lokaci, ana yaƙi da Shehun Borno, aka hana shi wucewa da saƙon da ya ɗauko wa Shehun. Ga ɓacin rai, ga atini. Ya yi ta jinya har rai ya yi halinsa, yana da shekara 38. Baransa Richard Lander ne ya yi jinyarsa, aka ɗora gawar a kan raƙumi aka kai wani ƙauye a bayan gari aka binne.

Ina tsaye bakin kogin nan sai tausayinsa ya kama ni, don yanzu na san ɗacin ciwo a ƙasar da ba taka ba.

A 2027 shekara 200 ke cika da rasuwarsa. Don Allah ka tambayi dattawa ko malaman tarihi na jami'a inda kabarin yake, ka je ka ɗauko min hoto. In za ka aiko, ka haɗo min da kilishi ta hannun mai zuwa.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta sa ni a addu'a.

Naka har kullum,
Amininka