A Sake Duba Mudun da Ake Auna Binciken Malaman Jami'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan yadda jami'o'inmu ke auna binciken malamansu idan lokacin ƙarin girma ya zo, al'amarin da ya shafi manomi da majinyaci kamar yadda ya shafi malamin, ko da yake ba kasafai ake tattauna shi a wajen harabar jami'a ba.

A yadda aka saba, malamin da ke neman hawa daga muƙamin babban malami zuwa na farfesa zai tattara maƙalolin da ya wallafa, a ba kowace maki gwargwadon mujallar da ta fito a ciki, sannan a aika wa masu tantancewa na waje. Abin da ya fi nauyi shi ne yawan maƙalolin da kuma ko mujallar tana cikin rumbun Scopus ko Web of Science, waɗanda dukansu mallakin kamfanonin kasuwanci ne na ƙetare. Mudu dai ba ya bambanta tsaba da ƙaiƙayi, cikawa kawai ya sani. Shi ya sa ake datsa bincike guda gida uku domin a samu maƙala uku, ake cusa sunan wanda bai taɓa aikin ba, kuma mujallun bogi da ke karɓar dala su buga komai cikin mako guda suka samu kasuwa a tsakaninmu. Na taɓa zama a wani kwamiti inda aka shafe awa biyu ana ƙirga takardun wani abokin aiki, ba tare da mutum ɗaya ya tambayi abin da ya gano ba.

Ƙasashen da muka aro wannan ma'auni daga wurinsu sun fara ja da baya. A shekarar 2012 wasu masana da editocin mujallu suka tsara Sanarwar San Faransisko, wadda ake kira DORA, inda suka nemi a daina ɗaukar makin darajar da ake lissafa wa mujalla a matsayin shaidar ingancin maƙala ko na marubucinta, tunda asalin wannan lissafi an yi amfani da shi ne wajen taimaka wa ɗakunan karatu su zaɓi mujallun da za su saya. A Birtaniya, tsarin REF da ake raba wa jami'o'i kuɗin bincike da shi ya ware kashi 20 cikin 100 na maki ga amfanin da bincike ya yi wa jama'a a 2014, ya ɗaga shi zuwa kashi 25 a 2021, kuma dole jami'a ta kawo hujjar wanda ya amfana da yadda ya amfana. Ƙasar Sin ma a 2020 ta umarci jami'o'inta su daina dogaro da ƙirgen maƙala wajen ƙarin girma.

Mu kuwa muna da misali a ƙofar gida. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922 kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce ta fitar da irin masara na SAMMAZ da gyaɗar SAMNUT da waken SAMPEA da ake shukawa a faɗin Arewa. A ƙarshen 2019 aka amince da SAMPEA 20-T, waken da aka sauya wa ƙwayar halitta domin ya jure wa tsutsar da ke huda kwanso, wanda ke rage wa manomi yawan feshin magani. Ana iya yin muhawara kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma ana yin ta, amma babu mai musun cewa shekarun da ake ɗauka ana gwada iri a gonaki kafin ya kai hannun manomi aikin ilimi ne mai wuyar gaske. Duk da haka, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a irin wannan aiki, ko ya rubuta ɗan littafin jagora da Hausa domin malaman gona, ko ya tsara ƙamus na kalmomin likitanci, sau da yawa makinsa ba ya kai na wanda ya tara gajerun maƙaloli da Turanci waɗanda ba a taɓa karanta su ba.

Ba ina kira a yi watsi da bitar da masana ke yi wa aikin junansu ba ne, kuma na san akwai fannoni irin su lissafi da falsafa waɗanda amfaninsu ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Na kuma san tsoron da wasu ke yi, cewa idan aka bar ƙirge aka koma hukuncin kwamiti, za a buɗe ƙofar son kai da sanayya. Tsoron yana da tushe, maganinsa kuwa shi ne a rubuta sharuɗɗa a fili, a kuma nemi hujjar da wani daga waje zai iya bin diddiginta.

Saboda haka ina ba Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da majalisun jami'o'i shawarar a nemi mai neman ƙarin girma ya zaɓi ayyukansa biyar da ya fi alfahari da su, ya bayyana abin da kowanne ya ƙara wa ilimi, masu tantancewa kuma su karanta su daga farko har ƙarshe. A ware maki na musamman ga sabon iri, da manhaja, da binciken da ya sauya wata doka ko tsarin asibiti, da rubutun ilimi cikin harsunan gida. Asusun TETFund kuma, wanda ke ba da tallafin bincike daga harajin da kamfanoni ke biya, ya riƙa komawa bayan shekara uku ko biyar da kammala kowane aiki domin ya ga inda sakamakon ya kwana, ya kuma wallafa abin da ya tarar kowa ya gani.

Na gode.

Naka,
Wani malamin jami'a, daga Zariya.