Farautar zomo da karen wifet a tuddan Ingila: gudu kaɗai ba ya kama zomo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini mu yi bayani kan wata farauta da matasanmu ke yawan kallo a waya, wato farautar zomo da ƙaramin karen nan mai suna wifet a tuddan arewacin Ingila. Abin da bidiyo ke nunawa gudu ne na daƙiƙa goma, sai mai kallo ya ɗauka duk wanda ya mallaki kare mai sauri ya gama da zomo. Ai kuwa a kan waɗannan tuddai gudu shi ne ƙaramin abin da ake nema a wurin kare. Hanci, biyayya, lafiyar dagi da sanin ƙasa su ne ke cika jaka.

Wifet karen talakawa ne tun asali. Masu haƙar kwal na Yorkshire, Lancashire, Durham da Northumberland, yankunan arewacin Ingila, ne suka raya shi a ƙarni na 19, suna tsere da shi ranar hutu, yana kuma kamo musu zomon miya. Tsayinsa a kafaɗa santimita 44 zuwa 51 ne, nauyinsa yakan kama daga kilo 11 zuwa 18, gudunsa kuma yana kai kilomita 56 a awa. Wanda ya san karnukan Azawak na Buzaye a Nijar da Mali ya san siffar: zurfin ƙirji, ɗamammen ciki, dogayen ƙafafu, sai dai wifet ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Fifikonsa yana wajen tashi da juyi. Cikin taku kaɗan ya kai ƙarshen gudunsa, idan zomo ya karya kwana shi ma ya karya, a inda babban kare zai zarce ya bar shi. Rauninsa kuma a fili yake: fata siririya mai saurin yagewa, gashi gajere, ba kitse a jiki. Shi ya sa masu aiki a ƙasa mai duwatsu da sanyi sukan haɗa shi da karen Bedlington, su sami ɗa mai kaurin gashi, ko da saurin ya ɗan ragu.

Dole a bambance zomo iri biyu, domin doka ta bambance su. Akwai zomon rami, mai nauyin kilo ɗaya da ɗoriya zuwa biyu, wanda ke haƙa gidaje a ƙasa yana zama jama'a-jama'a. Akwai kuma babban zomon sarari mai dogayen kunnuwa da ƙafafu, ɗan uwan wanda mafarautanmu ke kora a daji, wanda ba ya haƙa rami. Dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales ranar 18 ga Fabrairun 2005, ta hana sakar wa na sarari kare, amma ta bar zomon rami da ɓera, da sharaɗin mai ƙasar ya ba da izini. Tun 2022 hukuncin masu korar zomon sarari da karnuka ya kai ɗaurin wata shida da tarar da ba ta da iyaka. A Scotland kuwa dokar 2023 ta shigar da zomon rami cikin dabbobin da ba a yarda kare ya kora ya kashe ba. Ke nan abin da ya halatta a Northumberland, wadda ke iyaka da Scotland, laifi ne da an tsallaka iyakar.

Manoma na maraba da mai farautar da ya san aikinsa, saboda zomon rami ɓarna ne a wurinsu: yana cinye ciyawar tumaki, yana rarake gindin katanga har ta zube. Dokar 1954 ma ta ɗora wa mai riƙe da ƙasa alhakin rage shi. Amma izinin yawo a tudu ba izinin farauta ba ne. Daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, duk karen da ke filin da aka buɗe wa jama'a sai an riƙe shi da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. Da yawa daga tuddan nan kuma ana kula da su ne domin girawus, wani tsuntsun daji mai kama da makwarwa, wanda ake harbinsa daga 12 ga Agusta zuwa 10 ga Disamba, kuma masu gadin ba sa wasa da baƙon kare. A samu izini a rubuce, a sa shi a aljihu. Lokacin aikin kansa daga wajen Oktoba ne zuwa ƙarshen Fabrairu, sa'ad da ganye ya kwanta, kuma ba 'ya'ya a rami.

Sabon shiga yakan hau can ƙololuwar tudu ya yini bai ga komai ba. Saman tudun baƙar ƙasa ce mai riƙe ruwa, da heda, wani gajeren tsiro mai itace da ke rufe ƙasa da kauri, zomo kuma ba ya son jiƙa. A neme shi a gefen tudu, inda makiyaya ta haɗu da daji: gangara mai bushewa da ke fuskantar rana, gajeriyar ciyawar da tumaki suka aske, tarin ƙasar tsofaffin ma'adinan dalma irin na kwarin Swaledale da ke Yorkshire, da katangun dutse da aka jera ba laka ba siminti. Ramin da ake kwana a ciki yana da sabuwar ƙasa a baki, da ɗanyen kashi, da 'yar hanya da ta lafe cikin ciyawa. Wanda ganye da yanar gizo-gizo suka rufe, a wuce shi.

Aikin rana da feret ake yi, wata siririyar dabba mai kama da tunku da ake saki cikin rami ta koro zomo. An fi son mata, don sun fi ƙanƙanta, kuma ba su cika kashe zomo a ƙasa su kwanta a kansa ba. Kayan mutum biyu su ne feret biyu ko uku cikin akwati mai busasshiyar ciyawa, ragar baki ashirin zuwa talatin, doguwar raga ta yadi 25 ko 50, shebur mai siririn baki, sandar ƙarfe ta soka ƙasa, da abin wuyan feret mai aika sigina tare da na'urar da ke karɓa, wadda takan ji har zurfin mita 4 zuwa 5. Ragar baki tsayinta wajen mita ɗaya ne, da zobe a kowane ƙarshe da igiyar zarge da fegi. Ana shimfiɗa ta a bakin rami, zobe ɗaya a ciki ɗaya a sama, a kafa fegin daram. Zomo na faɗawa sai ta tsuke.

A tunkari ramukan ta inda iska za ta bugi fuska, ba magana, ba taba, ba buga ƙafa. Zomon da ya ji motsi a sama ya gwammace ya cusa kai a ƙurewar rami ya bar feret ta yi ta yakushin bayansa da ya fito, daga nan kuma sai haƙa. Aikin farko na kare shi ne nuni: ya shinshina baki, idan akwai zomo ya tsaya cak yana kallon ramin, idan babu ya wuce. Kare mai gaskiyar nuni yana rage wa mutum rabin wahalar yini. Amma a nan ne masu kare da yawa ke ɓata shi da hannunsu. Idan ana yaba masa duk sa'ad da ya leƙa rami, sai ya gane leƙen ne ake so, ya riƙa nuni a kowane kango don a shafa kansa. Yabo sai bayan zomo ya fito. Haka kuma a hana shi tura kai cikin rami yana huci ko tono, domin wannan sanar da na ciki ne.

Bayan an sa raga an saki feret, kare ya tsaya a bayan bakin rami, ba a gabansa ba, kada zomo ya hango shi ya koma. Kare gwani yakan bi ƙarar gudun ƙarƙashin ƙasa da kunne, yana takawa a hankali, ya riga zomon isa inda zai ɓullo. Ba a son ya taɓa wanda ya riga ya shiga raga, sai dai ya danne shi har mutum ya iso, don kare mai fizgar raga yana yaga ta, yana kuma tumɓuke fegi. Nasa shi ne wanda ya zame, ko ya fito ta ɓoyayyen bakin da ido bai gani ba cikin heda. Tsakanin wannan baki da rami na gaba sau da yawa bai wuce mita ashirin ko talatin ba, kuma wannan 'yar tazara ita ce duk dalilin ajiye wifet. A katangar dutse ma abin ya fi haka, tunda kowace kafa ƙofa ce, ragar baki ba ta da amfani. Sai a ja doguwar raga nesa kaɗan da gindin katangar, mutum ɗaya a kowane ɓangare, a bar wa kare sauran. Idan feret ta maƙale aka cire duwatsu, a mayar da kowanne mazauninsa. Katangar da aka bari a rushe ta isa ta sa manomi ya janye izini har abada.

Idan feret ta yi shiru minti goma sha biyar ko ashirin, a bi ta da na'ura, a haƙa ɗan gefe da inda siginar ta fi ƙarfi, a soka sandar ƙarfe a ji inda ramin yake, a ƙarasa da hannu kada shebur ya sare ta. A cike ramin a mayar da ciyawar, don ƙafar tunkiya.

Akwai kuma farautar dare da tocila mai ƙarfi, wadda ake yi a daren da ba wata, mai iska. Ana tafiya ana fuskantar iska, a shiga tsakanin zomo da raminsa, a haska, a saki kare ta igiyar da ke zamewa. Ra'ayinmu shi ne a tsaya da ita a makiyayun da ke gindin tudu, waɗanda aka zaga da rana aka san inda waya da rami suke. Sakin kare mai gudun kilomita 50 a awa cikin duhu a kan duwatsu ganganci ne. Kada a saki a kan zomon da ke dab da katanga, kuma bayan gudu uku ko huɗu a jere a bar kare ya mayar da numfashi. Wifet ba ya sanin ya gaji. Zai yi ta gudu har ƙafafunsa su fara rawa.

Raunukan da aka fi gani sanannu ne. Waya mai ƙaya tana tsarge fatar ƙirji da cinya, kuma yagewar da ta wuce santimita biyu ko uku ɗinkin likitan dabbobi take so, ba magani a gida ba. Kututturen hedar da aka ƙona yana huda tsakanin yatsu. Ƙasar da ta daskare tana gurɗe yatsa ta kuma ɗaye tafin dagi, don haka ranar da dunduniyar takalmi ta kasa shiga ƙasa a bar kare a gida. Dogon farce yana jawo karyewar yatsa, sai a riƙa yankewa ana kuma tafiya da kare a kan titi don dagin ya yi tauri. Lambatun da aka haƙa don janye ruwan tudu sukan ɓuya cikin heda, su karya ƙafa ko wuya. Ga kaska, ga kuma macijin ada, wanda shi kaɗai ne mai dafi a Birtaniya, yana fitowa shan hantsi daga bazara. Sanyi ma ciwo ne: kare mai tsayuwa jiƙe cikin iska tsokarsa takan ɗaure, sai ta yage a tashin farko. A sa masa riga tsakanin rami da rami, a ba shi ruwa, babban abinci kuma sai an dawo gida ya huta.

Horo tun yana kwikwiyo ake farawa, kuma abu uku ne ba sassauci a kansu: amsa kira, ƙyale tumaki, ƙyale feret. Doka ta ba manomi kariya idan ya harbe karen da ke far wa dabbobinsa alhali ba wata hanyar tsayar da shi, kuma tumakin tudu masu firgita ne, sukan zabura daga cikin heda a gaban hancin kare. Ana sabar da shi da feret ta hanyar ba su ruwa a kwano ɗaya ana tsaye a kansu. Ɗauko abu a fara da ƙunshin tsumma, sannan a naɗe shi da fatar zomo, jifa biyu ko uku a tsaya tun bai gundura ba. Yana iya rakiya wurin ramuka yana kallo tun yana wata bakwai ko takwas, amma gudu mai tsanani sai ya cika shekara. Wanda aka saki da wuri yana ta kuskure yakan koyi haushi a bayan zomo, kuma wannan hali da wuya ya bar shi.

Ana son kare mai taushin baki, wanda zai kawo zomo da rai har hannu ba tare da ya farfasa haƙarƙari ba. Turawa karya wuya suke yi nan take. Ga Musulmi kuwa wannan taushin baki ne ke ba shi damar yankawa, sai wuƙa ta kasance da kaifi kuma a kusa. Daga nan a matse mara daga sama zuwa ƙasa fitsari ya fita, a farke ciki a zubar da hanji kafin a tara su, a rataye su sha iska, don zomon da aka cusa a jaka da ɗuminsa yakan yi wari kafin yamma. A duba hanta: mai fararen ɗigo-ɗigo a yar da ita. Zomo mai kumburarrun idanu yana ɗauke da ciwon miksomatosis ne, wanda ya shiga Birtaniya a 1953 ya kusa ƙarar da zomayen ƙasar, kuma ba a kai irinsa kasuwa. Kada a jefa wa kare ɗanyen kayan ciki, nan ne yake ɗaukar tsila. A binne su, a kuma riƙa ba shi maganin tsutsa mai firazikwantel a kai a kai muddin ana cikin lokacin farauta.

Mun gode da wannan fili.

Naku,
Wasu masu karatu, ma'abota harkar karnukan farauta