A kula da aikin alminiyum a cikin motocin haya

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan'uwana masu gyaran jikin mota.

Makon jiya wani direba ya kawo mini bas ɗinsa ta haya. An sauya masa bangon ƙofa na ciki da fallen alminiyum, bakin fallen kuma ya yanki ƙafar wata fasinja har da jini. Da na duba, ashe ragowar kwanon rufi ce aka yanka da almakashi aka ɗaure da ribit. Ba a ninke bakin ba, kusurwoyin duk sun tsage. Wallahi raina ya ɓaci.

Alminiyum ba a yi masa dukan baƙin ƙarfe. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, ba ya yin jan tsatsa, shi ya sa muke son sa a ƙofa da gefen giya da dashbod. Amma yana da nasa hali. Duk bugun da ka yi masa ƙara tauri yake, in ka lanƙwasa ka miƙar ka sake lanƙwasawa, sai ya tsage. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, sabulu yake goga wa fallen, ya bi shi da wuta a hankali. Da zarar sabulun ya yi baƙi sai ya janye wutar, ya bar shi ya huce. A nan ya yi laushi, gudumar katako ma ta isa. Wanda ya tsaya jiran ya yi ja kamar ƙarfe zai yi asara, domin yana narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Celsius ba tare da ya nuna alama ba.

Ni kwali nake fara yankawa in gwada a jikin motar. Falle mai kaurin milimita 1 ko 1.5 nake saya a kasuwar Panteka, in lanƙwasa shi a kan bututu don kada kusurwar ta yi kaifi, sannan in ninke duk bakin da hannu ko ƙafa za su taɓa.

Ina roƙon hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, da ke nan Kaduna ta sa wannan aiki cikin horon da ake ba yaranmu masu koyon sana'a. Direbobi kuma, kafin ku biya kuɗin aiki, ku shafa bakin fallen da tafin hannunku.

Na gode, Edita.

Mai gyaran jikin mota,
Tudun Wada, Kaduna