Mene Ne Wannan a Hannunki?

'Yata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Duk muna lafiya. Ƙafar Babanki ta yi sauƙi, har ya koma gona.

Maganar da muka yi a waya daren Lahadi ta hana ni barci. Kin ce shekara biyu ke nan da gama bautar ƙasa, takardu sun tsufa a jaka, ba ki da kowa a sama, ba ki da komai. Wannan "komai" ɗin ne ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na ɗauki biro, don a waya kuka ba ya barinki ki saurare ni.

Ki buɗe Fitowa sura 4. Musa yana kiwon tumakin surukinsa Yetro a Madayana, tsufa ya kama shi, don shekararsa 80 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. Ga nauyin baki, ga laifin kisa da ya baro a Masar. Ya yi ta jera wa Allah uzuri. Allah bai aiko masa da takobi ko dawakai ba, tambayarsa kawai ya yi abin da ke hannunsa. Sanda ce, irin ta makiyayan da ke bi ta bayan gidanmu da rani, wadda gumin hannu ya sa ta yi sulɓi. Ita ya ɗaga teku ya rabu, da ita ya bugi dutse a Refidim ruwa ya ɓulɓulo. Amma ki lura, sai da ya yarda ya jefa ta ƙasa tukuna. A aya ta 2 sandar makiyayi ce, a aya ta 20 kuwa har ana ce mata sandar Allah, alhali itacen nan dai shi ne.

Mu a Zumuntar Mata, Dokas ta Yafa muka fi riƙewa, a Ayyukan Manzanni sura 9. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba. Da ta rasu aka kira Bitrus daga Lidda, gwauraye suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Allura da zare ne shaidarta, Allah kuma ya tashe ta, mutane da yawa a garin suka ba da gaskiya.

Kin san inda na nufa. Tsohon keken ɗinkina yana nan a ƙuryar ɗaki, na lulluɓe shi da zani tun da idona ya fara gardama da ramin allura. Da shi na biya kuɗin makarantarki, riga bayan riga, wani lokaci da fitilar ƙwai har zakara ya yi cara. Tun kina aji uku hannunki ya fi nawa iya yanka, ke ma kin sani, kunyar ƙawayenki ce kawai ta sa kika ajiye almakashi.

Ban ce ki daina neman aikin ofis ba, ki ci gaba da kai takardu. Sai dai zaman jiran nan yana cin ki, ina jin sa a muryarki.

Na sa an gyara keken, an canja masa bel, an zuba mai. Ranar Asabar ƙanenki zai kawo miki shi a motar safe, tare da atamfa turmi biyu da ɗan yaji. Kirsimeti ta kusa, teloli sun fara ƙin karɓar ɗinki. Ki fara da nawa, awona yana cikin aljihun keken, amma ki ƙara inci biyu a ƙugu.

Mamanki